Makullin da Na Jiƙa

Tun ranar da maigida ya fara jan sabuwar motar ubangidansa gabana ke faɗuwa. Hanya nake tsoro, Anka zuwa Bukkuyum zuwa Gummi, kowa ya san halinta. Da la'asar ta yi sai in goya ɗiyata in tsaya bayan ƙofa ina kasa kunne. Ban taɓa kawowa ni ce zan tsayar da motar ba.

Tsohuwar da yake ja a da, makullinta ƙarfe ne zalla. Sau nawa na wanke shi a aljihun wando, mu yi dariya. In ta yi gardama, Kawu, ƙanin Innata mai gareji, zai ɗora sukudireba kan inji, ya kara kunne a ƙota, ya faɗi ciwon. Kafin magariba maigida yana gida, yana cin tuwo yana kwaikwayon muryar fasinjoji.

Makullin sabuwar kuwa mai baƙin kai ne na roba. Wata Juma'a na jiƙa wandon, ya wuni a baho da makullin a ciki. Washegari mota ta ƙi tashi. Kawu ya sa aka yanko wani a kasuwa, ya shiga, ya juya, shiru. Ashe akwai ɗan wani abu cikin robar da ke gaisawa da ƙwaƙwalwar motar, shi ruwa ya kashe. Mai kwamfuta ya zo daga Gusau, ya ce lambar irin wannan tana hannun kamfani, ba su ba kowa.

"Ɗiyata, ciwon na gan shi," in ji Kawu, "hannuna ne aka ɗaure."

Maigida bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tafi Sakkwato jan motar wani. Ubangidan ya ce ranar da sabuwar motar ta tashi, aikinsa na nan. Wata huɗu ke nan tana ajiye a garejin Kawu. Yarinya ta fara tafiya, a waya uban ya ji.

Na ji a rediyo wai wasu ƙasashe sun sa doka, dole kamfani ya buɗe wa masu gyara sirrin kayansa. Baƙin da aka gayyato shirin suna ta gardama ko mota na ciki, ban gane ƙarshenta ba.

Mai karatu, in ka san muna da irin dokar nan, ko ka san mai lambar, don Allah ka aika wa masu gareji na Anka. Kawu zai ji.