Farfela a Bayan Randa

Duk lokacin da aka sauke mini madaci cikin damina, ƙanshinsa mai ɗaci-ɗaci ya bugi hancina, sai in tuna da jirgin saman da aka ƙera a danginmu. Ni 'yar kasuwa ce, katako nake sayarwa a Sabon Gari, don haka bari in fara faɗa maka abin da aka zuba a jirgin nan. An zuba gonar da kakanmu ya bari. An zuba sunan mahaifina, wanda shi ne duk jarinsa. An kuma zuba zumuncin wa da ƙani, ko da yake a lokacin ba wanda ya san da shi a ciki.

Shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zariya ne. Muna zaune a Jushi, Baba yana da shagon kafinta a Chikaji. Bencinan coci da ƙofofi ne aikinsa, kuma mutane kan ce idan shi ya haɗa benci, jikokinka ma za su zauna a kai. Ƙaninsa, da muke kira Baba Ƙarami, bakanike ne a Samaru. Ƙananan jiragen masu koyon tuƙi suna yawan kewaya samaniyar garejinsa, shi kuwa da ya ji ƙugin ɗaya sai ya fito daga ƙarƙashin mota da sifana a hannu, ya bi shi da kallo har ya ɓace. Wata rana ya ce shi ma zai ƙera nasa. Aka yi dariya. Da ya sayar da rabonsa na gona, ya kuma lallaɓi Baba ya sayar da nasa, dariyar ta tsaya.

Baba Ƙarami ya haɗa gangar jirgin da bututun ƙarfe, ya ɗora injin tsohuwar motar nan mai ƙirar kunkuru. Farfela ce ta gagare shi, wato fankar da ke gaban jirgi tana jan sa cikin iska. Ta katako ake so, sai aikin ya dawo hannun Baba.

Ban taɓa ganin ya yi wa wani aiki irin tattalin da ya yi wa farfelar nan ba. Bai sassaƙa ta daga gungume guda ba. Fallayen madaci ya zaɓo busassu, ya jera su, ya manna da wani gam da wani ɗan kasuwa a unguwar PZ ya sayo masa daga kudu, irin na masu kwale-kwale. Sannan ya shiga kankara a hankali. Idan ya gaji da samfefa sai ya rufe ido ya bi ta da tafin hannu. Da ya gama ya zura sandar ƙarfe a ramin tsakiyarta, ya ɗora sandar a kan kaifin wuƙaƙe biyu. Idan ɓangare ɗaya ya rinjaya, sai ya goge masa ɗan abin da bai kai ƙumba ba, ya sake ɗorawa. Haka ya yi ta yi har farfelar ta zama duk inda ka juya ta nan take tsayawa. Ya shafa mata banish, ta yi ja kamar man ja a rana.

Injin bai gama gyaruwa ba damina ta sauka, Baba kuma ya sami aikin rufin wata coci a kudancin Kaduna. Shagonsa yana yoyo, ya kawo farfelar gida. Ɗakin Kaka, mahaifiyarsu, shi ne ɗakin da ruwa ba ya taɓawa, a nan ni ma nake kwana. Ya kwantar da ita a kan benci biyu. Ya gaya wa Baba Ƙarami a kwance za ta zauna. Ya gaya wa Mama. Kaka ce kaɗai bai gaya wa ba, don a gidanmu ɗa ba ya tsayawa ya kafa wa uwarsa doka a ɗakinta.

Kaka tsohuwar ƙauye ce mai tsabta. A wurinta doguwar aba mai daraja ba a barin ta a kwance ana tsallakawa. Taɓarya ma idan ka yar a ƙasa sai ka sha faɗa. Washegarin tafiyar Baba ta ɗauki farfelar da kanta, ta jingine ta a kusurwa bayan randa, inda ba mai bangaza ta.

"Aikin babanki ne," ta ce da ni. "Ba zai zama shimfiɗar kaji ba."

Mama suruka ce, iyakarta bakin ƙofa idan ta kawo tuwo, ba ta ɗaga ido ta ƙare wa ɗakin kallo. Ni kuwa yarinya ce, kyau kawai ta yi mini a tsaye. Randar ƙasa tana tsattsafo, gindinta kullum a jiƙe. Kaka kan share wurin, ta ɗan ja farfelar a kan siminti, ta mayar. Kowace safiya tana goge mata jiki da tsumma, wani lokaci ta rataya ɗankwalinta a kai. Haka damina ta ƙare.

Kafin Baba ya dawo, Baba Ƙarami ya zo ya ɗauke ta ya ɗaura. Ranar gwaji muka tafi wani fili a bayan Samaru, an girbe dawa, sai kara a tsaye. Ba tashi za a yi ba, injin kawai za a gwada, an ɗaure wutsiyar jirgin da igiya a jikin mangwaro. Ɗalibai sun taru suna ta surutu rabi Hausa rabi Turanci. Baba daga tasha ya wuce can da jakarsa. Na ji ya tambayi ƙaninsa:

"Ka sake auna ta kafin ka ɗaura?"

"Haba Yaya. Ai kai ka yi ta."

Injin ya tashi. Da farko murna aka yi. Baba Ƙarami yana tsaye a gefen injin yana ƙara masa mai da hannu. Da ƙarar ta hau, jirgin ya fara kakkarwa, irin wadda nake ji a tafin ƙafata. Baba ya ɗaga hannu yana cewa a kashe, amma muryarsa ba ta kai ba. Sai wani sauti kamar an tsaga ƙofa. Ɓangare guda na farfelar ya fice ya faɗa cikin kara, injin ya fizge daga mazauninsa ya murɗe ya kama hannun daman Baba Ƙarami.

A asibiti suka yanke shi daga gwiwar hannu.

Da yamma Baba ya koma filin shi kaɗai ya tsinto ɓallin. Na gan shi a tsakar gida yana jujjuya shi, yana latsa bakinsa da babban yatsa. Ya shiga ɗakin Kaka, wai zai sha ruwa, ya ɗan jima a bakin randa. Da ya fito, maƙwabta da 'yan coci sun cika gidan, kowa yana tambayar me ya faru. Ya ce, "Gam ne bai kama ba. Aikina ne."

Maganar ta zaga Chikaji. Masu kawo masa aiki suka ragu, ya koma gyaran kujeru da akwatunan 'yan makaranta. Baba Ƙarami ya rufe gareji ya koma Kaduna, ko Kirsimeti ba ya zuwa. Kaka kuwa har ta bar duniya, idan tana addu'a da safe ina jin tana roƙon Allah ya yafe wa babban ɗanta gangancin da ya nakasa ƙaninsa. Baba yana ji daga ɗakinsa. Da ta gama sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ta.

Sai da na girma na kafa rumfata sannan na gane. Baba ya kawo mini ziyara, ya tarar da yarana sun jingine fallaye a bango, gindinsu a ƙasa mai laima. Tsohon nan bai kira kowa ba, ya shiga kwantar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Katako ta ƙafa yake shan ruwa," ya ce.

Nan take na ga kusurwar nan da randa. Na ce, "Baba, farfelar nan..."

"Kakarki ta tafi hankalinta a kwance. Ki bar maganar."

Na bar ta har ya rasu. Bayan jana'iza na je Kaduna na zauna gaban Baba Ƙarami, don ni ba na son a bar kaya a wuyan wanda ba shi ya ɗauka ba. Na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon guntun hannunsa.

"'Yata, ni fa na ɗauko ta a bayan randa. A tsaye na same ta. Yaya ya ce kwance, na ga tsaye, na ɗaura don ɗoki. Sannan na ji ya ce aikinsa ne. Da wane ido zan dube shi?"

Mu duk zatonmu fushi yake yi. Baba ma da wannan zaton aka binne shi.

Yanzu an yi gine-gine a filin, mangwaron ma babu. Ni da nake gane riba da faɗuwa tun kafin a sauke kaya, na sha auna cinikin nan. Gona ta tafi, hannu ya tafi, suna ya tafi, wa da ƙani sun tsufa kowa a garinsa yana kunyar ɗan'uwansa. Abin da aka samu guda ɗaya ne: wata tsohuwa ta mutu ba ta san abin da hannunta ya yi ba. Baba ya ga ya ci riba. Ni har yau ban iya cewa ya faɗi ba, ban kuma iya cewa ya ci ba. A rumfata dai, ko falle ɗaya ba ya kwana a tsaye.