Kwalin Maciya Amana

Shekara talatin Lester Dombek ya yi yana tuƙa bas a Cleveland, kuma bai taɓa yafe wa wanda ya bar garin ba. Katunan hotunan 'yan wasan ƙwallon besbol da yake tarawa tun yana yaro, a kwalin takalmi biyu ya raba su. Ɗaya na waɗanda suka tsufa a ƙungiyar garin, ɗaya na waɗanda suka bi kuɗi wani gari. Na biyun a ƙarƙashin matakala yake, kusa da maganin ɓera.

Yana asibiti ana masa aikin gwiwa, mijin 'yarsa Curtis ya saka kowane kati a leda, ya jera su bisa shekara a kundi guda.

"Baba, danshi zai cinye su," in ji Curtis da Lester ya dawo gida.

"Ya cinye mana! Wa ya aike ka? Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa dominmu, shi ka haɗa da wannan ɗan iskan?"

"Alheri na so yi maka kafin mu tashi. Na sami aiki a jihar Arizona."

Kwana uku Lester ya yi yana mayar da kowa kwalinsa. Da ya gama, ya sa almakashi ya raba hoton bikin 'yarsa biyu, ya dogara sanda ya kai rabin Curtis ƙarƙashin matakala. Rabin 'yar kuwa yana aljihunsa har yau, bai yanke mata hukunci ba tukuna.