Ranar da Don Eulogio Ya Hau Rufi

A garin Moca, in ka ce Don Eulogio Tavárez ba kowa zai gane ba, amma ka ce Mai Kebul, kowane ɗan acaɓa zai sauke ka a ƙofar gidansa. Shekara ashirin da shida ya yi yana bi gida-gida yana samo wa kamfanin kebul, mai kai tashoshin talabijin ta waya, masu saye. Bai taɓa jan waya ba, bai taɓa taka tsani ba. Aikinsa shi ne ya zauna a falonka, ya shanye maka kofi, ya ɗaga kai ya dubi eriyar da ke kan rufinka yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Doña, wannan ƙashin kifin sai yaushe?" haka yake ce wa matan gida. "'Ya'yanki fa za su yi aure wata rana. Me surukai za su ce?"

Da wannan baki ya sauke eriyoyin unguwar kaf. Wasu suka koma abin shanya, wasu kaji suka gaje su. Da ya yi ritaya, kamfani ya saka masa da hula da takardar yabo wadda aka rubuta sunansa ba daidai ba. Ya sa ta a firam ya rataye. Har yau in zai ambaci kamfanin, "mu" yake cewa.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, Plinio mai aski, wanda shagonsa ke kallon gidansa. Shi dai maganarsa ɗaya ce: abin da Allah ya sako kyauta cikin iska, ba zai saye shi a waya ba. Kullum da yamma sukan buga wasan domino tare, amma ba a kawo zancen eriya kan teburin.

Ana nan sai Yokasta, 'yarsa tilo da ke babban birni, ta sami aikin karanta labaran tsakar rana a wata babbar tasha. Litinin za ta fara. Don Eulogio ya sanar da mai burodi, ya sanar da fada a coci, ya gayyaci rabin unguwa falonsa.

Ranar Jumma'a tashar ta ɓace daga kebul. Sai shuɗin allo da rubutu: "Muna tattaunawa da wannan tasha domin amfaninku." Ashe kamfani da tasha ne suka saɓa kan rabon kuɗi, kowanne na cewa ɗayan ne mai haɗama. Sauran tashoshi ɗari da arba'in suna nan lafiya lau: a wata ana tallar tukunya, a wata Turawa na kamun kifi cikin ƙanƙara.

Matarsa, Doña Ercilia, ta tsaya gaban allon ta riƙe ƙugu. "Tsohona, ga amfaninmu nan ya iso. Ka yi wa 'mu' godiya."

"Ki kwantar da hankalinki, mace. Zan yi musu magana."

Washegari ya matsa cikinsa cikin tsohuwar rigar kamfani ya tafi ofis. Aka miƙa masa lamba kamar kowa, ya yi zaman awa biyu. Matar da ke kan kanta ta saurari tarihin hidimarsa har ƙarshe, sannan ta ce abin na manya ne. Sai ta waiga, ta rage murya.

"Don, ka sayi eriya mana. Ba sai ka cire kebul ba, bayan talabijin akwai wurin kowanne, rimot kawai za ka danna ka sauya. Ni ma haka na yi. Manaja ma haka ya yi."

Bai iya sayenta a Moca ba, don babu mai shagon da bai san fuskarsa ba. Sai da ya shiga mota har Santiago, ya dawo da ita naɗe cikin buhu. Plinio na zaune a ƙofar shago.

"Injiniya, me aka samo mana?"

"Abin gashin nama ne."

"Ai kuwa naman nan zai kamo tashoshi da dama."

Ranar Lahadi ya gwada ta a ɗaka, inda ido ba zai gani ba. Bayan kabad, babu komai. Jikin taga, babu komai. A kan firij rabin fuskar wani mutum ta bayyana ta daskare. Doña Ercilia ta nuna sama da yatsa.

Ya yi ta jan ƙafa har Litinin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, baƙi sun cika falo suna kallon shuɗin allo. Ya ari tsani ya haye rufin siminti, ya lulluɓe eriyar da zanen gado don a ɗauka shanya ya hau yi. Iska ta kwashe zanen ta dire shi a ƙofar Plinio. Plinio ya fito riƙe da almakashi, wanda yake yi wa aski na biye da shi da kumfa a rabin fuska.

"Injiniya, nama ya gasu?"

"Ka koma ka ji da kawunan mutane!"

"Juya ta wajen tsauni. A'a, ba can ba, can maƙabarta ce, su sun gama kallonsu."

Daga taga Doña Ercilia na ta kwarara ihu. "Ya zo! Ya tafi! Koma inda kake! Yauwa, tsaya nan! Kar ka motsa, ko tari kar ka yi!"

A nan ne Don Eulogio ya tuna bai hau da igiya ba, bai kuma tanadi abin kafa sandar eriyar ba. Da ya sassauta hannu, sai hoto ya tafi, falo ya ɗauki kururuwa. Sha biyu ta buga. Ya ji gidansa ya kaure da shewa da tafi.

Rabin awa ya yi tsaye cikin ranar da ke fasa kai, hannu biyu a sama, hular kamfani a ka. Muryar 'yarsa na fitowa ta tagar gidansa, tana kuma fitowa daga shagon Plinio, tana faɗin farashin shinkafa da ruwan da ake sa rai a arewa. Ko tuntuɓen harshe ba ta yi ba. Shi da ya tara jama'a, shi kaɗai ne bai gan ta ba. Abin da ya gangaro masa a kumatu, daga baya ya ce gumi ne.

Da aka gama, Plinio ya hau da guntun bututu da wayar ƙarfe, suka ɗaure sandar a jikin tankin ruwa. Bai yi masa gori ko kalma ɗaya ba, kuma wannan ya fi wa Don Eulogio ciwo. Doña Ercilia ta miƙo musu shinkafa da wake da soyayyar ayaba, suka ci a inuwar tankin.

Da yamma Yokasta ta bugo waya. "Baba, ka gan ni?"

"Tar, 'yata! Sai dai ki rage sauri wajen farashin shinkafa."

Ranar Talata ya fara ganinta, yana zaune daf da allo, ya hana kowa magana.

Bayan kwana goma sha tara kamfani da tasha suka shirya. Aka aiko wa jama'a saƙon godiya bisa haƙurinsu, haɗe da sanarwar ƙarin farashi. Kafin nan gidaje shida a layin sun kafa eriya, kuma duk wurinsa suka zo neman shawara. Yakan gyara zama ya yi musu bayanin abin da ya laƙaba wa suna tsarin ido biyu, wato kebul da eriya tare, ya ce tun yana aiki ya kai wa manya wannan dabara, ba su saurare shi ba. Doña Ercilia, da ke zaune a gefe, takan ci gaba da tsince wakenta.