Ƙanƙarar da Yaya Hajo ba ta samu ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajo, mai dahuwar shinkahwa da kihi a bakin kasuwar Malanville. Ciwon daji ne ya kama ta a nono. Wata huɗu muna hawa mota zuwa Cotonou, ana ɗura mata magani ta jijiya, muna komowa gida a gajiye.

Abin da ya hi ciwon ba ta wuya shi ne bakinta. Kwanaki kaɗan bayan kowane ɗuri sai harshe da dasashi su yi gyambo. Matar da ta ciyar da rabin kasuwa ta koma ko kunu ba ta iya haɗiyewa. Wata rana na kai mata cokali, ta kauda kai ta ce, "Ƙyale ni, Balki. Kamar garwashi kike ba ni." Daga nan magana ma ta bari. Ta rame har likita ya ɗage ɗuri na gaba, ya sake ɗagewa.

Bara ciwon ya zo kaina. Hanya guda, asibiti guda. Kahin a sa mini maganin sai wata ma'aikaciya ta miƙo mini kohi cike da ƙanƙara. Ta ce, "Inna, ki riƙa tsotsa kina juya ta a baki har rabin awa. Sanyi na tsuke jijiyoyin jini, maganin ba zai isa bakin da yawa ba." Ta ce ba kowane magani ake yi wa haka ba, amma nawa ana yi. Haƙorana sun yi tsami, kaina ya sara. Gyambo ɗaya ya hito mini, ƙarami.

Ban san ko maganin Yaya irin nawa ba ne. Ban tambaya ba, don ba ni da ƙarhin jin amsar. Da tana nan, na san dariya za ta yi ta ce, "Ashe ƙanƙara? Wadda ake saidawa kusa da rumhata?" Sannan ta yi mini hwaɗa don ban gama kohin ba.

Rumharta yanzu mai gyaran waya ne a ciki, matasa ba su san sunanta ba. Abin da ya rage mini daga gare ta kaɗan ne. Da bakinta ya ruhe, in na zauna gabanta ban ci komi ba, takan buga mini yatsa a wuyan hannu har sai na ɗauki kwano. Ranakun da abinci ke tada mini zuciya, nan nake jin yatsan. Sai in jawo kwanon in ci loma uku.

Allah ya jiƙanki, Yaya.