Hannun Kaka da Garin Shinkafa

Na san 'yan ajinmu za su ce Hafsa ta fara, don ni ce na taɓa rantsewa cewa na soya ƙwai a kan murfin motar Baba da zafin Doha. Wancan ƙarya ce, na yarda. Wannan kuwa wallahi tallahi ya faru da ni, shekarun baya kaɗan, lokacin da Baba yake karatu muna zaune a wani bene a unguwar Mesaimeer.

Ƙofarmu tana kallon ta wasu 'yan Indiya, mabiya addinin Hindu. A gidan akwai wata tsohuwa, ni dai Kaka nake ce mata. Kullum da safe sai ta durƙusa a bakin ƙofarsu da garin shinkafa, ta jera ɗigo-ɗigo, sannan ta zagaye su da layi guda mai lanƙwasa har ya koma inda ya fara. Da guntun Turancinta ta gaya mini wai ado ne take yi wa Devi, wadda suke bauta wa suna kiranta Uwa. Wai zane da kiɗa da rawa duk jikinta ne, kuma ba ta shiga gidan da ba a yi mata zane ba.

Na ce, "Kaka, tururuwa dai kike yi wa walima."

Ta ce, "Su ma baƙinta ne, sarkin surutu."

Mama kuwa ta ja mini kunne: "Ki gaishe ta, ki taimake ta, amma ba ruwanki da abin bautar mutane."

Sai Kaka ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya mutu murus. Ɗanta ya je kasuwar Asian Town ya sayo zanen na leda, ya manna a ƙasa a bakin ƙofar, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Tun daga ranar Kaka ta rufe baki, ko ruwan shayi sai an yi da gaske. Ta rame har wuyanta ya koma kamar na kaza.

Wata rana da la'asar na dawo makaranta, na tarar da ita zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ta ɓamɓare ledar da hannun hagu, ga kwanon gari a gefe.

Ta ce, "Ba zane na ce ki yi ba, 'yar nan. Ɗaga mini hannun kawai ki sa a kwano, in ji garin."

Na yi bisimilla na kama wuyan hannun. Sanyi ƙalau, ga nauyi, kamar naman da aka ciro daga firij. Na tsoma shi a garin, ina shirin saki ke nan, sai yatsun suka murza.

Jama'a, hannun nan ya ja ni. Ni ce a riƙe da shi, amma shi yake tafiya da ni, garin yana zuba siriri, layin yana ratsa tayil bai karkace ba. Na ɗaga kai na dubi Kaka, ashe idonta a rufe yake, kanta a jingine da bango. Ban yi ihu ba, ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Ni da bakina ba ya hutawa, ina nan durƙushe kamar an cire mini batir, har layin ya haɗe. Nan take hannun ya faɗi, ya koma yadda yake.

Ta buɗe ido ta dubi ƙasa, ta daɗe. Sai ta ƙwala wa surukarta kira, ta ce a kawo mata shinkafa.

Ta ci. Daga baya surukar ta karɓi aikin zanen, nata duk a karkace, Kaka tana zaune tana yi mata faɗa. Hannun kuwa bai sake ko motsi ba har muka bar gidan.

Da na gaya wa Mama, ta tofa mini addu'a ta ce in yi shiru. Ni Musulma ce, ban ce ga abin da ya ja hannun ba, Allah ne masani. Amma har yau in na ɗebo gari zan yi talge, sai in ga yatsuna biyu suna murzawa da kansu, kuma ba na jin su.

Shawarata, in kun ga farin zane a ƙofar maƙwabta, ku kewaye ku wuce. In kuma aka ce ku riƙe hannu, ku fara neman babba.