Sabon Banɗakin da Muka Yi wa Mma

Akwai safiyar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, safiyar da na tarar da uwar mijina kwance a ƙasan banɗaki a gidanmu na Nima. Shekaru sun wuce, ita ma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta.

Mma muke ce mata. Tun da aka kawo ni gidan babu banɗaki a cikinsa, na unguwa muke zuwa kamar kowa a lungunmu. Mma takan ɗauki butarta bayan gari ya waye, ta tsallake gota, ta bi layi da tsufanta. Babban ɗana, da ya fara samu a cinikin kayan mota a kasuwar Abossey Okai, ya ce shi kam ba zai ƙara ganin kakarsa a layi ba. Ya kawo magina, aka sa tayil, aka kafa farin masai irin na zama. Ranar da aka gama, ya riƙo hannunta ya kai ta har bakin ƙofa, ya ce, "Matata, daga yau kin bar layi." Ta ce ashe mijin nata ya fara hankali. Ta yi ta sa masa albarka har da hawaye. Mu duka muka ɗauka mun gama mata gata.

Bayan kamar mako guda sai na lura abincinta yana dawowa. Tuwo da miyar ayoyo, wanda ba ta wasa da shi, sai ta taɓa loma biyu ta ture. Koko kaɗai take kurɓa. In na tambaya, sai ta ce tsufa ne, ciki ya ƙanƙance. Na ga tana daɗewa a banɗaki, ta fito da gumi a goshi, ta zauna a tabarma tana dafe da mara. Na gani da idona, amma ban tambaya ba. Wace suruka ce za ta dubi uwar mijinta ta ce, "Mma, kina samun bayan gida?" Kunya ta rufe mini baki. Muka karɓo mata rubutu, muka dafa mata saiwa, muna ta zagaye ciwon ba mu taɓa shi ba.

Ran nan ina wanke shinkafa na ji ƙara, kamar an yar da buhu. Na tura ƙofar na same ta a ƙasa, zaninta ya jiƙe, hannunta na hagu ya karkace. Ashe hawa ta yi kan masan da ƙafafu biyu don ta tsuguna, santsi ya kwashe ta. Ban ji ta yi kuka ba. Na gyara mata zani, ta riƙe wuyan rigata da hannu mai lafiyar, ta ce a hankali, "'Yata, kar ki gaya wa yaron nan."

A asibiti aka ɗaure hannun. Wata nas mai ɗan shekaru ta taɓa cikin Mma ta ji shi tauri kamar dutse, ta ce mazan da suka rako mu su fita waje. Ita yaren Twi take yi, Mma kuwa Hausa kaɗai take ji, don haka ni ce tafinta. Tambayar da na kasa yi kwana da kwanaki, sai ga shi dole ta fito daga bakina. Mma ta juya fuska wajen bango, ta ce tun da aka yi banɗakin nan ba ta samu ya fita yadda ya kamata ba. Duk rayuwarta a tsugune ta sani. In ta zauna a kan abin nan ƙafafunta na lilo, sai ta yi ta nishi har jini ya fara biyowa. Ta rage ci ne don kar ta matsu. Komawa layi kuma, ta ce, tozarta jikanta ne a idon unguwa.

Nas ɗin ba ta yi dariya ba. Ta ce tsohuwa ba ta yi ƙarya ba, in gwiwa ta ɗaga sama da ƙugu hanya takan saki, abu ya fita ba tare da yunƙuri mai yawa ba. Ta ce ba sai an fasa komai ba: a sa 'yar kujera a gaban masan ta ɗora ƙafafunta, ta ɗan sunkuyo, ta bar nishi, ta yawaita ruwa da ganye da gwanda. Hawa kansa kuwa, kar a sake. Ta rubuta magani da sauran bayani a takarda, na karanta da ɗan karatun da na samu a makarantar manya.

A motar haya ta trotro muna dawowa na yi ta juya maganar da Mma ta roƙe ni. Daga baya na ga ɓoyewar ce ta kai mu nan. Na samu ɗana na gaya masa komai. Washegari bai fita kasuwa ba, ya je wurin kafinta da igiyar da ya auna tsayin masan da ita, ya dawo da 'yar kujera mai faɗi, ya sa aka kafa ƙarfen dafawa a bango. Bai ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba. Kwana uku bayan haka ta aiko a ƙara mata tuwo.

Cikin ya warware, amma hannun bai koma daidai ba. Har ta bar duniya ba ta ƙara iya ɗaura ɗankwalinta da kanta ba, ni nake ɗaura mata kowace safiya.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi wa tsoho alheri, tambaye shi yadda jikinsa ya saba. Kuma kunya ado ce, ban musa ba, amma in ta hana ka tambayar mara lafiya inda ke masa ciwo, ta zama cuta ta biyu. Yanzu kowane tsoho ya sauka a gidana, nakan rage murya in tambaye shi, ko da kunya za ta kama ni.