Zogalen Gidan Kafili

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da muka je tsohon gidan gonar kafilin maigidana. Lokacin muna zaune a unguwar Bani Malik a Jidda, garin bai yi wannan girman ba, shi kuma bai daɗe da samun aikin tuƙa motar wani attajirin Balarabe ba. Iƙamarmu duka, wato takardar izinin zama, tana hannun mutumin nan, don shi ne kafilin da ya tsaya mana. In ya ce halas, wato an gama, sai mu ɗaure kaya mu koma gida Sudan.

Wata Juma'a attajirin ya ce a kawo iyali su sha iska a gidan kakanninsa da ke bayan gari, kan hanyar Makka. Kafin mu shiga mota maigidana ya ja ni gefe. "Ki sa ido a kan Inna," in ji shi. "Kada a taɓa ko ganye ɗaya." Inna mahaifiyarsa ce. Ya san ba zai iya hana ta komai ba, shi ne ya ɗora mini, ni da ko haɗa ido ba na iya yi da ita.

Gida ne hawa uku, na dutsen teku, da tagogin katako masu sassaƙa. Aka zagaya da mu ɗaki-ɗaki, ga manyan madubai, ga dardumai da sai ƙafa ta nutse. Ni na saki baki, Inna kuwa ta taɓe nata. "Duk girman gidan nan babu ko turmi?" Muka fita lambu, ga dabino, ga lemun tsami, ruwa na bin gindinsu. Har na fara sakin jiki, sai Inna ta ja ta tsaya a gaban wasu itatuwa a jikin katanga.

"Zogale ne," ta ce. "Rabona da shi tun barinmu gida. Dubi yadda suka bar abinci yana tsufa a sama. Shimfiɗa gyalenki, 'yar nan."

Na ce, "Inna, ai na mutane ne," ƙasa-ƙasa yadda ni kaina da ƙyar na ji.

"Mutanen ba su san shi ba. Shimfiɗa."

Wace suruka ce za ta yi musu sau biyu? Na shimfiɗa. Kafin wani lokaci rassan ƙasa sun koma kamar tsohuwar tsintsiya. Muna cikin haka sai ga maigidana tare da attajirin. Wallahi ban taɓa ganin gumi ya karyo wa mutum da sauri kamar yadda ya karyo wa maigidana ba.

"Esh hada, ya Hajja?" in ji Balaraben, yana tambayar mene ne wannan.

Inna ta dubi ɗanta. "Ce masa ya zauna, abinci zan ba shi." Maigidana ya shiga zuba ban haƙuri da Larabci babu ƙaƙƙautawa, sai ta katse shi. "Kai, maganata ba ta yi wannan tsawon ba."

Dole ya faɗi gaskiya. Mutumin ya zauna. Inna ta ari tukunya wurin mai ban ruwan lambun, ta dafa ganyen, ta murmushe ƙuli-ƙulin da ba ya rabuwa da jakarta, ta sa albasa da lemun tsami. Ni kuwa a zuciyata har na gama ɗaure kayanmu.

Attajirin ya kai loma ɗaya, sai muka ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce matar da ta raine shi 'yar ƙasarmu ce, ita ta shuka itatuwan, kuma wannan abincin take ba shi a ɓoye a bayan kicin. Tun da ta rasu ya hana kowa taɓa su, bai kuma sake samun wanda ya iya haɗa shi ba. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya ce duk Juma'a a kawo Hajja. A gidan attajirin nan maigidana ya ci gaba da aiki har furfura ta cika masa kai.

Ni da maigidana mun tafi muna kunyar a ga ƙauyancin tsohuwa, ashe shi ne abin da mai gidan ya yi shekaru yana kewa. Tun ranar na daina ɓoye abin da yake namu don na shiga gidan manya.